Abari Da Ƙafar Da Kowa Ya Ƙi

Idan kana tafiya a titi ka hangi wani dogon mutum ya sunkuyar da kai, ya kare hannu ɗaya a ƙirji yana leƙe kamar mai duba ɗan tsako a aljihu, to ka kauce masa, don shi ba zai kauce maka ba. Taubashina ne, ɗan Gwaggo, yana duba hotuna a gilashin bayan kyamararsa. A haka yake tafiya, a haka yake cin abinci, kuma matarsa ta rantse min ko barci yake babban yatsansa na danne-danne a kan bargo yana wucewa hoto na gaba. Babu kwatar da ba ta san shi ba a unguwarsu. Akwai wani turken wutar lantarki a bakin layinsu da suka yi ta karo, har yanzu idan ya zo wucewa sai ya ce masa sannu.

Kowa Abari yake ce masa. Sunan daga bakinsa ya fito. Duk wanda ya ɗauka hoto, sai ya juyo masa da bayan kyamara ya ce, "A bari ko a goge?" Aka fara kiransa da tambayar gaba ɗayanta, ta yi wa baki tsawo, aka datse mata wutsiya.

Tun yana ƙarami ba ya iya rabuwa da abu. Murfin kwalba, karyayyen mataji, haƙorinsa na fari da ya faɗi, duk suna cikin wani gwangwani a ƙarƙashin gado. Da Gwaggo ta ga karatu ya ƙi shi, shi ma ya ƙi karatu, sai ta kai shi wurin wani mai hoto na zamanin fim, lokacin da ake ɗaukar mutum yau, sai bayan kwanaki ya dawo ya tarar ashe idonsa a rufe yake. A can ya koyi jera mutane, da gyara musu wuyan riga, da faɗin "kar ka motsa" da muryar mai yin allura.

Ranar da aka fara nuna masa kyamara mai gilashi a baya, ya danna, ya ga fuskar mutum ta fito tun mutumin bai gama sauke murmushinsa ba, zama ya yi daɓas a ƙasa. Ya sayar da kekensa da rediyonsa ya saye ta. Tun daga ranar wuyansa bai sake miƙewa ba.

Shagonsa yana tsakanin mai aski da mai faci, ɗan tsukuku ne, idan ka buɗe hannu ka taɓa bango da bango. An rataye labule mai zanen teku da jirgin ruwa da wani dogon bene da ke tsaye a kan ruwan, ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi ginin. Akwai kujerar roba, furen roba, da kwat ɗaya baƙa da ake ara wa masu hoton neman aiki. Kwat ɗin nan ta shiga ofisoshi fiye da kowa a garin, kuma har yau ba a ɗauke ta aiki ba.

Igiyar kyamara ba ta barin wuyansa, saboda haka idan zai nuna maka hotonka dole ka kawo kanka ƙirjinsa, kunnenka a kan maɓallin rigarsa, kana jin bugun zuciyarsa da ƙugin cikinsa. Idan ka ce a bari, sai ya danna wani madanni, ɗan makulli ya fito a kusurwar hoton, shi ke nan an kulle ka, ko gobara sai ta nemi izini. Idan kuwa ka ce a goge, sai ya dube ka kamar ka ce a kori wani daga gida.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata mana. Dubi bakina a buɗe."

"Bakinka ne fa. Haka yake."

"A goge dai, malam."

"To kawo yatsanka. Ni ba na goge mutum da hannuna."

Sai ka danna ɗan kwandon shara da kanka, kyamarar ma ta tambaye ka ko da gaske kake, ka sake dannawa, shi kuma ya kau da kai gefe har a gama.

Wannan ɗabi'ar tana da tarihi. Farkon sayen kyamarar ya ɗauki wani mai gyaran keke yana dariya, hoton ya ɗan yi dishi-dishi, sai Abari ya goge bayan mutumin ya tafi, da niyyar gobe a sake. Kafin goben, mai gyaran keke ya je gwada birkin wani keke da ya gyara a kan gangare, birkin ya nuna masa bai gyaru ba, haƙoransa na gaba suka riga shi isa ƙasa. Da ya warke ya zo shago, yana magana iska na fita, ya ce a wanke masa hoton nan nasa mai haƙora, yana so 'ya'yansa su san yadda ubansu yake a da. Abari ya ce ya goge. Mutumin bai yi faɗa ba. Kullum dai idan zai wuce ƙofar shagon sai ya tsaya, ya yi wa Abari murmushi baki buɗe, sannan ya wuce. Shekara da shekaru yana haka.

Daga nan Abari ya kafa wa kansa doka: ba a goge hoto sai duk wanda ke cikinsa ya yarda a gaban idonsa. Duk wanda ke ciki fa. Da wanda ya gifta ta baya, da wanda gwiwar hannunsa ta leƙo daga gefe, da jaririn da ke goye, wanda sai an jira ya girma a tambaye shi. Ko an kwashe hotunan a kwamfuta an wanke, ba ya share katin kyamara, wai na kwamfuta kwafi ne, mutum na ainihi yana cikin kati. Idan kati ya cika sai ya jefa shi gwangwanin madara a shago ya sa sabo. Matarsa, wadda ɗinki take yi muke ce mata Anti Tela, ta ce rabin garin nan a gwangwani suke zaune, kuma ita ke share musu ƙura.

Abu ɗaya ne ke ɓata wa Abari rai a duniya, waya. Tun da kowa ya samu kyamara a aljihu masu zuwa shagonsa suka ragu, sai masu hoton fasfo da masu neman kwat. Kuma Allah ya haɗa shi da mijin autarmu, mai shagon sayar da wayoyi, wanda muke ce wa Mai Waya. Duk inda dangi suka taru sai ya zaro wata waya mai faɗin faranti yana ce wa mutane su matso. Abari kuwa ya taɓe baki ya ce hoton waya hoton 'yan gaggawa ne, a ɗauki tuli a zubar da tuli, ba sallama ba ban kwana. Abin da ya rage masa na tinƙaho shi ne bangon falon Kaka. Duk hoton da ke rataye a bangon nan, daga na aure har na jarirai masu kuka, hannunsa ne ya ɗauka, kuma ya sha faɗa a gaban jama'a cewa ranar da hoton waya ya hau bangon Kaka, ranar zai rataye kyamara ya koma taya mai faci hura taya.

Ana nan sai Kawu ya zo. Kawu shi ne babban ɗan Kaka, yayan Gwaggo da babana. Ni Baffa ya kamata in ce masa, amma duk gidan Kawu ake cewa, har direbobi. Ya daɗe a ƙasar waje yana wani aiki da ba wanda ya gane, ya dawo da tumbi da agogo da wata irin magana a hankali, kamar kowace kalma sai ya sa mata hannu kafin ta fita. Ya yi mana 'yan kwanaki yana gyara mana yadda ake zama a kujera. Ranar da zai koma, tasin da zai kai shi filin jirgi na tsaye a ƙofar gida ana loda akwatuna, sai Kaka ta ce tana son hoto da 'ya'yanta da jikokinta gaba ɗaya, babba, a rataye a tsakiyar bango a saman talabijin, kafin a sake watsewa.

Abari ya fito da mu tsakar gida. Ya sa Kaka a kujera a tsakiya, Kawu a damanta, Gwaggo a hagunta, dogaye a baya, gajeru a gaba, masu gaba da juna a nesa da juna. Ya matsar da bokiti, ya sauke shanya, ya ce wa wata jika ta haɗiye abin da take taunawa. Ya ja da baya, ya durƙusa, ya ce kar wanda ya motsa, ya danna.

Shiru. Ya sake dannawa. Ya juyo da bayan kyamarar ya duba, na ga fuskarsa ta yi kamar wanda aka ce masa shagonsa ya tashi sama. Wani jan rubutu ne ya fito a gilashin, kati ya cika, ko hoto ɗaya ba shi da wurin zama.

"Ina katin ajiya?" in ji Anti Tela daga layin baya.

"Yana aljihun falmarana."

"Wace falmaran? Mai aljihu da yawa?"

"Ita."

"Wadda na jiƙa da safe?"

Gidansu a can ƙarshen gari yake, shagon ma haka, falmaran kuma tana cikin kumfa.

Mai Waya ya fito daga layi yana murmushi har kunne, wayar nan tasa tuni tana hannu. "Yaya, ka huta. Bari in ɗauka, yanzu-yanzu kowa ya samu a wayarsa. Har Kaka sai in cire mata tamoji."

"Ka cire wa uwarka," in ji Kaka. Ta juya ga Abari. "Kai kuma mijin banza, ka jera ni a rana kamar shanya. Ga sharaɗi. Direba na loda kaya. Idan ya gama ya tada mota ba ka ɗauka ba, mai faranti ya ɗauka, kuma shi zan rataye."

Kawu ya dubi agogo ya ce, "Ai abin mai sauƙi ne. Ka goge guda ɗaya."

Duk muka kalli juna. Ka ji mutumin da ya daɗe ba ya gari.

Abari ya fara komawa baya a cikin hotunan, mu kuma layi ya watse muka rufe shi. Kawuna suka taru a ƙirjinsa har ba a ganinsa sai hularsa. Yawancin hotunan na mutanen gari ne da ba sa nan: masu kwat, wata amarya, wani da sabon babur. Da ya iso kan 'yan gida ya fara roƙo.

"Gwaggo," (shi ma haka yake ce wa uwarsa) "ga naki ke kaɗai. A goge?"

Gwaggo ta leƙa. "Wannan? Wanda na fito siririya? Ka goge ni ka ga yadda ake goge ɗa daga gado."

Ya wuce. Ya iso kan nawa, ina tsaye a jikin ƙofa, ba kowa a baya, ko ƙuda babu. Ya ɗago ya dube ni da idon maraya.

"Taubashiya, don zumunci."

"Ai ka kulle shi da makulli," na ce. "Ni kuma ba na son ɓarna. A bari."

"Wallahi ko kyau ba ki yi ba a ciki."

"To sai a bari ya zama darasi."

Anti Tela ta ture ni ta ce ga nata nan, tana zaune a kan keken ɗinki, a goge ta yafe duniya da lahira. Abari har ya kai hannu, sai ya tsaya, ya jawo hoton kusa, ya matsa gefe. Ta cikin taga a bayanta ga rabin kan wani mutum da sifana a hannu.

"Mai gyaran famfo," ya ce a hankali. "Shi ma mutum ne."

"Ya bar garin nan tun bara!"

"Shi ya sa."

Daga ƙofar gida muka ji an rufe but ɗin mota, aka sake buɗewa, akwati ɗaya ya ƙi shiga. Mai Waya yana ta goge idon wayarsa da bakin riga yana fito. Zufa ta jiƙa wa Abari igiyar kyamara. Ya sake dawowa gaba, kan hotunan da ya ɗauka a gidan nan cikin 'yan kwanakin nan, sai yatsansa ya tsaya cak.

Hoto ne da ba shi da makulli, wanda kyamara ta ɗauka da kanta lokacin da ya sunkuya gaisuwa. Simintin tsakar gida, gefen bokiti, da ƙafa ɗaya cikin silifas ɗin banɗaki. Amma wace irin ƙafa! Babban yatsan ya karkace ya kama hanyarsa daban, na kusa da shi ya hau kansa ya zauna kamar an goya shi, farcen kuwa launin tsohon kwano, mai kaurin da sai an aro zarto. Wata jika ta leƙa ta fashe da kuka.

"Alhamdu lillahi," in ji Gwaggo. "Ba kowa a ciki. Goge."

"Akwai ƙafa."

"Ƙafa mutum ce?"

"Ita ta kawo shi wurin," in ji Abari. "Mai ƙafa ya fito ya ce a goge, shi ke nan, mu yi hotonmu."

Ka san abin mamaki? Tsakar gidan nan cike da mutane, kowa da ƙafa biyu, amma nan take ƙafafu suka ɓace. Mata suka saki zane har ƙasa, maza suka koma bayan bokiti da tukunyar fure. Silifas ɗin ba ya nuna komai, don na banɗaki ne, duk gidan shi ake sawa. Abari ya danna wurin da ke nuna ranar da aka ɗauki hoto, amma kyamararsa ba a taɓa saita mata kwanan wata ba, ita kullum a ranar da aka ƙera ta take. Abin da aka sani kawai, hoton da ke gabansa Gwaggo ce tana shan shayi a gidan nan, na bayansa akwatunan Kawu ne a gidan nan. Mai ƙafa yana cikinmu.

Anti Tela ta daure ta ɗaga hannu. "Tawa ce."

Abari ya dubi gilashi, ya dubi ƙafarta, ya girgiza kai. "Ke da kike taka keke da ƙafa kamar ta jariri? Kar ki yi min ƙarya saboda so."

"Ba so ba ne, rana ce ke dukana!"

"Tunda an fara ƙarya, sai na gani da idona. Kowa ya fito da ƙafa."

Ba a taɓa ganin irin wannan layi ba. Manya da yara, kowa ya miƙo ƙafar dama, Abari na bi a durƙushe, ya dubi gilashi ya dubi ƙasa, kamar mai neman ɓarawo da hoton 'yan sanda. An ga abubuwa a ranar. An ga kaushi, an ga faso mai iya ɓoye tsabar kuɗi, an ga farcen da aka shafa wa jan farce rabi aka manta rabi. Babana ya ce shi a tarihinsa ba a taɓa duba masa ƙafa ba sai a asibiti, Kaka ta ce ya miƙo ko ta taso. Mai Waya ya cire takalminsa da saurinsa, don ya san ba tasa ba ce, har yana juya ta a ga kyau. Duk aka wanke kowa. Saura mutum ɗaya, yana tsaye a gefe cikin takalmi sau-ciki mai ƙyalli da baƙar safa, yana kallon agogo kamar yau ya fara ganinsa.

"Ni ba na cikin wannan shirmen," in ji Kawu. "Jirgi ba ya jira."

"Kawo hoton in gani," in ji Kaka.

Abari ya durƙusa a gabanta. Ta sa tabarau, ta kwantar da kai a ƙirjinsa, ta ce ya matso mata da ita. Ya jawo hoton kusa har babban yatsan ya cika gilashin. Kafaɗun Kaka suka fara rawa, ta yi dariya har da tari, Gwaggo na bubbuga mata baya.

"Wannan ai ƙafar babanku ce, Allah ya jiƙansa. Kuma a cikin 'ya'yana mutum ɗaya ne ya gaje ta." Ta nuna Kawu da sanda. "Kai, cire takalmi."

"Haba Inna."

"Kar ka haba ni. Farcen nan ya karya min almakashi tun kana rarrafe."

"A gaban yara, Inna?"

"Ni ma yarona nake wa magana."

A waje aka rufe but da ƙarfi, wannan karon ya rufu. Kawu ya share goshi ya ce to ya ji, tasa ce, a goge. Duk muka sauke ajiyar zuciya. Sai Abari, wanda bangon Kaka ke shirin kuɓuce masa, wanda Mai Waya ya riga ya ɗaga faranti a bayansa, ya buɗe baki ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Matata ma ta ce tata ce. Sai na gani."

Anti Tela ta ɗora hannu biyu a ka. Gwaggo ta ce wannan yaron a asibiti aka musanya mata shi.

Kawu ya dubi uwarsa, ya ga sandar ba ta sauka ba. Ya jingina da kujerarta, ya zare takalmi, ya naɗe safa a hankali kamar mai buɗe ciwo. Ni dai abin da zan ce, Abari gwani ne, don hoton ya yi wa ƙafar nan gata. A fili ta fi haka. Jikar nan da ta yi kuka ɗazu ta ruga ɗaki sai da aka kamo ta.

Abari ya dubi gilashi, ya dubi ƙasa, ya gyaɗa kai. "Ita ce. Kawu, a bari ko a goge?"

"A goge!"

"Ka tabbata?"

"Kai, don Allah!"

"Kawo yatsanka."

Kawu ya danna kwandon shara, kyamara ta tambaya, ya sake dannawa da ƙarfin da na ɗauka gilashin zai fashe. Jan rubutu ya ɓace. Wurin hoto ɗaya ya samu, ɗaya tak. A daidai nan muka ji direba ya murza makulli, mota ta yi tari.

"Ba ta tashi ba tukuna!" Abari ya yi ihu. "Tari ne! Kowa wurinsa!"

Aka ruga. Dogaye suka faɗa gaba, gajeru suka ɓace a baya, masu gaba da juna suka tsinci kansu kafaɗa da kafaɗa. Kawu ya sunkuya zai mayar da safa, Abari ya daka masa tsawa, "Kar ka motsa!" irin tsawar da ba a taɓa yi wa Kawu ba tun da ya sayi agogo, ya miƙe tsaye da takalmi a hannu. Abari ya durƙusa, ya riƙe numfashi, ya kai yatsa. Direba, wanda ya gaji da jira, ya kwanta a kan hon.

Kyat.

Muka sake rufe ƙirjin Abari. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta ba. Hon ɗin ya tsorata kowa a lokaci guda. Gwaggo ta juya tana kallon ƙofa, baki buɗe, wuyanta ya ninku. Babana ido ɗaya a rufe, ɗaya a sama. Anti Tela ta dafe ƙirji. Mai Waya ya ɗaga wayarsa don kare kai, ta rufe masa fuska gaba ɗaya, sai kunnuwa. Yara biyu sun zama hayaƙi. Kawu ya yi tsalle kaɗan, takalmi a hannu, ƙafar nan kuma tana gaba-gaba a cikin rana, fes, ko wane yatsa ana ganinsa. A tsakiya kuwa ga Kaka, wadda kunnenta ba ya jin duk ƙarar da ba ta shafe ta ba, zaune daram, tabarau na ƙyalli, sauran dariyar ɗazu a fuskarta. Tun da nake ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba. Kamar wata sarauniya da aka ajiye a tsakiyar tashar mota.

"A goge!" Murya ta tashi daga ko'ina. "A goge a sake!" Kawu ya fi kowa ihu, har turancinsa ya dawo.

Abari ya ratsa mu ya durƙusa gaban Kaka. Ta kwantar da kai a ƙirjinsa ta daɗe tana kallo.

"Kaka, a bari ko a goge?"

"Wace ce wannan kyakkyawar?" ta ce. "A bari."

"Inna, dubi ƙafata!" in ji Kawu.

"Na gan ta. Ai ka ga har babanku ya samu shiga."

Abari ya danna madanni, ɗan makulli ya fito a kusurwa. Mutum ɗaya ya ce a bari, magana ta ƙare, kuma babu wurin ɗaukar wani. Mai Waya ya yi ta maza ya ce to a tsaya ya ɗauki na biyu don ajiya, amma Kaka ta riga ta miƙe tana jan sanda, ta ce ita ta gama hoto na bana, wanda ke son sakewa ya ɗauki kujera. Hon ya sake tashi. Kawu ya fita da ɗingishi, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa, safa na leƙowa daga aljihun kwat, ko sallamar kirki bai yi ba.

An wanke hoton, babba, an sa masa firem mai ruwan zinare, yana saman talabijin. Duk wanda ya shiga falon Kaka sai ya fara gaida shi kafin ya gaida mutane. Gwaggo ba ta zama a kujerar da ke fuskantarsa. Kawu ya sha bugo waya yana roƙon a manna wani abu a kusurwar ƙasa, ko da furen roba ne, Kaka ta ce ba ta ji, layin ba kyau.

Wata baƙuwa ce kwanan baya ta tsaya tana ƙirga fuskoki, ta ce ai ba ta ga mai hoton a ciki ba, ko shi ba jika ba ne? Kaka ta ɗaga sanda ta nuna ƙasan hoton, inda wata doguwar inuwa mai lanƙwasasshen wuya ta kwanto a kan siminti, ta tsaya daf da yatsun Kawu.

"Ga shi nan," ta ce. "Shi kaɗai ne bai motsa ba, ban da ni."